Bindigar Gado: A Karanta Ta Kafin A Miƙa Ta

Idan dattijo ya rasu, aka yi sadakar bakwai, magada suka taru za a buɗe turakarsa, yawanci an san abin da za a tarar: akwatin ƙarfe cike da riguna, Alƙur'ani a gafakarsa, takardun gida da na gona, wataƙila da takobi. A wasu gidajen Minna kuwa, musamman a tsofaffin unguwanni irin su Limawa da Kwangila da Unguwar Daji, da gidajen da tushensu yake Zungeru ko Bida ko Kontagora, akan tarar da ƙari: wani dogon abu naɗe cikin buhu, soke a rufin ɗaki ko kwance bayan akwati. Ana warwarewa sai kowa ya yi tsit. Bindiga ce, kuma ko ba a faɗa ba an san ba irin ta maharba ba ce. Katakonta ya yi baƙi, ƙarfenta ya ci tsatsa, ga wasu haruffa da lambobi an buga a jikinta.

Daga nan sai baki ya rabu. Wani ya ce a bari dare ya raba a jefa ta tsohuwar rijiya, kada ta jawo wa gida masifa. Wani matashi ya ce, “Haba Yaya, a wannan zamanin da ake ciki? A goge ta a ajiye, ba a san ranar da za ta yi amfani ba.” Wani baffa ya ce ta Kaka ce, da ita ya dawo daga yaƙin Burma, kada wanda ya kuskura ya taɓa ta. Da wuya ka ji wanda ya ce a kawo fitila a duba abin da aka rubuta a jikinta.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana. Bindigar soja ba abin ajiya a gida ba ce, dole a miƙa ta ga hukuma. Amma kafin ta fita daga zaure, wajibi ne magada su karanta ta, su rubuta abin da suka gani da abin da suka ji, domin a gidaje da yawa ita kaɗai ce shaidar da ta rage ta inda kakansu ya taka a duniya. Ita ma hukuma wajibi ne ta buɗe ƙofar da mai irin wannan gado zai shiga ba tare da fargabar kwana a caji ofis ba. A yau babu ko ɗaya cikin biyun da ake yi yadda ya kamata.

Ba banza wannan yanki ya tara irin waɗannan kaya ba. A ƙarni na 19 kogin Kwara ne babbar hanyar da bindiga ke bi ta shigo Arewa. Etsu Masaba na Bida, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1873, ya shahara wajen sayen bindigogi da albarushi a hannun fataken Turawa masu hawowa kogi, daga Nupe kuma kayan ke wucewa gaba. A Janairun 1897 sojojin kamfanin Royal Niger, kimanin mutum 500, suka ci Bida. A 1901 aka sake cin ta, tare da Kontagorar Ibrahim Nagwamatse. Daga 1902 Gwamna Lugga ya mai da Zungeru hedikwatarsa, da barikinta da rumbun makamanta. Sai ga jirgin ƙasa, Minna ta zama mahaɗar layin Baro da na Legas, garin reluwe kuwa shi ne inda tsohon soja ya fi son sauke kayansa idan an sallame shi, ya kama gadi ko masinja ko aikin ɗan doka. Har gobe Minna garin soja ne: ga birged ta 31 ta manyan bindigogi, ga tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Janar Babangida da Janar Abdulsalami, a kan tudu.

To, yaya ake karanta ta? Bindigar soja tana da tsaga a fuska kamar mutanen da, wanda ya iya kallo zai gane garinsu da zamaninta. Sai dai kafin a kai ga kallo, kada kowa ya ja kunama, kada a leƙa bakinta, kada a nuna wani da ita ko da wasa. Albarushi yakan yi shekaru masu yawa a cikin ƙarfe bai mutu ba, tsofaffi kuma sun saba ajiye bindiga a ɗure. Kada a sa mata samfefa ko buroshin waya don a ga ta yi ƙyalli, nan take za a kankare rubutun da ake nema. Tsumma da ɗigon mai sun isa, sai fitila da za a haska daga gefe don haruffan su fito.

Tambaya ta farko ita ce, ta baki ake ɗura ta ko ta baya? Idan ta baki ce, ga siririn ƙarfen danna albarushi kwance a ƙarƙashin bututun, to bindigar toka ce, wadda wasu ke kira baushe, ko da an taɓa fita yaƙi da ita a bayan wani sarki. A duba farantin ƙarfen da ke gefenta, sama da kunama. Kalmar TOWER da kambi alama ce ta ƙirar Ingila ko kwaikwayonta. Haruffan ELG cikin 'yar da'ira a kan bututu na nufin an gwada shi a Liège ta Beljiyam. Birmingham da Liège su ne suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma da irin waɗannan, kuma akwai dalilin da ya sa su suka fi yawa a gidajenmu: a yarjejeniyar Brussels ta 1890 ƙasashen Turai sun haɗa baki su hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Idan babu tambari ko ɗaya, ko kuma bututun Bature ne aka ɗora wa ƙotar gida, to hannun maƙeranmu ne. Wannan ma asali ne da ya cancanci a rubuta, don maƙeran Bida ba baya ba ne a sana'ar ƙarfe.

Idan ta baya ake sa mata harsashi, an shigo zamanin bariki. Wadda ke da guduma a waje da murfi mai buɗewa gefe, Snider ce, ƙirar da aka fara a 1866, irin da sojojin kamfani suka riƙe. Wadda ke da mariƙi a ƙarƙashi, a ja shi ƙasa bayanta ya buɗe a sa harsashi ɗaya tal, Martini ce, wadda Ingila ta fara aiki da ita a 1871. A damanta za a ga kambi, da haruffan VR na Sarauniya Biktoriya, da shekarar ƙira. A juya hagunta. Idan akwai wata shekarar dabam, daga 1895 zuwa sama, to an mai da ita masana'anta an sauya mata bututu don ta ci harsashin .303. Irin waɗannan Turawa suka daɗe suna ba sojojin ƙasashen da suka mallaka, bayan nasu 'ya'yan sun koma ga masu cin harsashi goma. Gidan da ya tarar da Martini, ya san yana riƙe da abin da ya yi zamani da faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903.

Wadda aka fi tararwa dai ita ce Lee-Enfield, mai sakata a dama da gidan harsashi goma a ƙarƙashi. Iri biyu ne suka fi yawa. Ta farko katako ya rufe ta har baki, hancinta a dunƙule, kuma samfurinta da ya fi yaɗuwa ya fito ne a 1907. A ɗaga hannun sakatar, a duba zoben ƙarfen da ya haɗa ƙota da gangar jiki, ta ɓangaren dama. Nan asalinta yake rubuce, layi-layi: kambi a sama, sai haruffan sarki, ER na Edward na Bakwai wanda ya rasu a 1910, ko GR na George na Biyar ko na Shida, sai sunan masana'anta, ENFIELD ko BSA ta Birmingham, sai shekara. Idan ISHAPORE ko GRI aka gani, a Indiya aka ƙera ta, kusa da Kalkata. Idan LITHGOW ne, daga Ostareliya ta fito. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga gidan da ke da labarin Burma, domin ta Indiya sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka bi kafin su shiga dazukan Arakan, inda suka ci Myohaung a Janairun 1945. A jikin ƙotar wasu akwai ɗan zagayayyen faifan tagulla, inda akan buga sunan bataliya da lambar bindiga a rumbu. Idan Allah ya sa bai goge ba, shi ne mafi daraja a duk abin da ke jikinta, don shi kaɗai ke iya faɗin hannun wace ƙungiyar soja ta zauna.

Ta biyun bakin bututunta ya ɗan fito waje, saitinta kuma yana can baya kusa da ido. Ita ce lamba 4, wadda mutanenmu suka fi sani da Mak 4, bindigar yaƙin Hitila, wadda 'yan sandan Najeriya suka ci gaba da ratayawa shekaru da yawa bayan samun 'yanci. Rubutunta yana hagu. An ƙera ta a Fazakerley da Maltby a Ingila, da Long Branch a Kanada, da kamfanin Savage a Amurka, kuma ba a fara yin ta da yawa ba sai a 1941.

Akwai wata 'yar alama mai layi uku da suka haɗu a sama, siffar kan kibiya, da za a gani nan da can a ƙarfe da katako. Ma'anarta dukiyar gwamnatin Ingila. Idan kibiya biyu ne suka haɗa kai, to gwamnati ta sayar da ita, ta fita daga lissafin soja ta halastacciyar hanya. A ganina wannan ya shafi malaman rabon gado kai tsaye, domin abin da mamaci ya mallaka ake rabawa, ba abin da aka ba shi riƙo ba. A al'adarmu babban ɗa ke ɗauke takobi da rawani da bindiga ba tare da an tsaya bincike ba, alhali wani lokacin ƙarfen da kansa yana faɗin cewa tun asali ba na mamacin ba ne. Ga mai son ransa kuwa, haruffa biyu ne suka fi kowane muhimmanci: DP. Ana buga su ne a kan bindigar da masu duba makamai suka yanke cewa ta daina harbuwa lafiya, sai dai kurata su yi fareti da ita.

Ba duka ne na Ingila ba. Bataliyoyin Najeriya sun yaƙi Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, Garwa ta faɗi a Yunin 1915, Mora ta miƙa wuya a Fabrairun 1916, daga nan aka kwashe su zuwa Gabashin Afirka. Mauser ta Jamus takan zo da sunan Spandau ko Erfurt ko Danzig ko Oberndorf a samanta. A 1941 birged ta 23 ta Najeriya ta fatattaki sojojin Italiya daga Mogadishu har Harar ta Habasha, bindigar Italiya kuwa takan ɗauki sunan Terni ko Brescia. Ta Japan, irin da aka kwasa a Burma, tana da zanen fure mai ganye 16 a saman inda ake sa harsashi, wani lokacin an kankare shi. Gidajen da ke da dangi a Maraɗi ko Damagaram kada su yi mamaki idan suka ga St Étienne ko Tulle, masana'antun Faransa ne. Mutum ɗaya ma yana iya riƙe iri biyu a rayuwarsa. Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa, a ɓangaren Jamus ya fara soja, aka kama shi a Garwa, ya koma rundunar Najeriya, ya je Habasha, ya je Burma.

Amfanin duk wannan shi ne gani ya kori ji. Labarin gida yakan miƙe da tsawon shekaru, kakanni biyu su koma mutum ɗaya, yaƙi uku su zama yaƙi guda. Shekarar da ke jikin ƙarfe ba ta yin haka. Bindigar da aka buga wa 1943 ba ta je yaƙin Kamaru ba, komai yawan masu rantsuwa. Wadda aka buga wa 1917 tana iya ganin yaƙin duniya biyu, ta kuma ƙare a kafaɗar ɗan sanda. Sannan a tuna, sojan da aka sallama ba a sallamarsa da bindigarsa, a rumbu yake mai da ita kafin a ba shi takarda. Saboda haka idan ta iso gida, wata hanyar ta biyo: ko ganima ce da aka ɓoye cikin kaya, ko kyautar Bature ga basarake, ko saye da lasisi a zamanin En'e, ko kuma, abin da na fi zato a gidaje da yawa, ragowar yaƙin basasa ce. Tsakanin 1967 da 1970 sojan Najeriya ya tashi daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000, kuma ba kowane makami ne ya koma inda ya fito ba. Bindigogin FN da G3 da BM59 ta masana'antar DICON ta Kaduna da aka kafa a 1964, waɗanda ke harbi ba sai an ja sakata bayan kowane harsashi ba, na wannan zamanin ne, ba na Burma ba.

Abu ɗaya ne bindiga ba za ta faɗa ba, shi ne sunan wanda ya riƙe ta. Lambar da ke jikinta ta masana'anta ce da rumbu. Sunan mutum yana cikin ɗan gwangwanin nan da ake yawan wurgarwa, mai ɗauke da lambobin yabo da littafin sallama. Lambobin yabo na yaƙin duniya na farko, da waɗanda aka bayar kan yaƙoƙin Arewa na 1903 da 1906, an buga musu sunan soja da lambarsa da rundunarsa. Na yaƙi na biyu, irin su tauraron Burma da tauraron Afirka, babu suna aka ba da su, sai an haɗa da littafin sallama. Da lambar soja a hannu ana iya tuntuɓar ƙungiyar 'yan mazan jiya, ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House. Wanda kakansa ko ƙanen kakansa bai dawo ba, yana iya neman sunansa a intanet cikin rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila. Akwai sunayen Hausawa da Nufawa da Barebari a kan duwatsu a Burma, waɗanda jikokinsu ba su taɓa sanin an rubuta su ba.

Ban ce duk abin da za a karanto abin alfahari ne ba. Sojojin da suka ci Bida da Kontagora da Kano da Sakkwato 'ya'yanmu ne, akasarinsu Hausawa da Yarabawa, Turawa 'yan ƙalilan ne a gaba, da Hausa ma ake ba da umarni a bariki. Su aka tura Satiru a Maris ɗin 1906, inda aka kashe kimanin mutum 2,000 aka shafe garin. Nan kusa da mu, a 1909, Gwarawan Gussoro a ƙasar Kuta suka kashe wani jami'in Bature da 'yan sandan rakiyarsa, aka aika soja suka murƙushe su. Mai yiwuwa ne a Minna ta yau jikan wanda ya yi harbin da jikan wanda aka harba suna sahu ɗaya a masallaci, ko ma sun haɗa zuri'a. Wannan ba dalilin jefa ta rijiya ba ne. Yaranmu suna koyon zuwan Turawa a shafi biyu na littafin makaranta, sai ka ce a wata ƙasa abin ya faru. Da za su ga ƙarfen da aka yi aikin da shi, da sunan garin da ya fito, da sun san a nan aka yi, kuma da hannun namu aka yi.

Yanzu ga doka, wadda ba ta san tsufa ba. Dokar makamai ta 1959, da har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka lasisinta a matakin jiha yake. Ta farauta mai harsashi sai da izinin sufeto janar na 'yan sanda. Bindigar soja kuwa, kuma dokar ta ambaci .303 da 7.62 ƙarara, tana cikin haramtattu, shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinta, hukuncin riƙe ta ba izini kuma ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Lasisi ba ya shiga gado. Ko da mamaci yana da shi, kwana 14 kacal doka ta ba magada bayan rasuwarsa. Tsatsa ba hujja ba ce a gaban alƙali, haka ma cewa ta Kaka ce.

Na fahimci matashin da ke cewa a goge a ajiye. Wanda ya ga yadda aka sace ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021, da Tegina a watan Mayun shekarar, wanda ke da 'yan uwa a Shiroro ko Munya ko Mariga da suka bar gonakinsu, ba za ka ce masa tsoronsa na banza ne ba. Amma bindigar da ta shekara 80 cikin danshi ba za ta tare masa komai ba. Harsashinta ya lalace ko ma babu shi, bututunta na iya fashewa a fuskarsa, kuma ranar da labari ya fita cewa akwai bindigar soja a gidan wane, ɓarayi da jami'ai duk sun sami dalilin zuwa. Hoton da zai ɗauka da ita ya sa a Facebook ko TikTok kuwa, shaida ce yake tara wa kansa.

Inda hukuma ta gaza shi ne ba ta bambanta mai gado da mai laifi a bakin ƙofa. Mutumin kirki da ya tarar da Martini a rufin ɗakin mahaifinsa yana tsoron ya je ya faɗa, don bai san ko zai kwana gida ranar ba. Shi ya sa rijiya ke cin tarihinmu, shi ya sa kuma wasu ke silalewa hannun dillalai, wanda ya fi muni. Idan ma an miƙa, sai ta shiga tari ɗaya da makaman da aka ƙwato a daji. Cibiyar ƙasa mai kula da ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, takan ƙona dubban makamai a Abuja, kuma aiki ne mai kyau da nake goyon baya. Sai dai AK-47 ta ɗan fashi da Snider ta zamanin Masaba ba wuta ɗaya ta dace da su ba. Ofishin cibiyar na shiyyar Arewa ta Tsakiya a Minna yake. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ma tana da reshe a Minna. Ga rundunar 'yan sanda, ga soja da ƙwararrunsu masu duba makamai, ga fadar Mai Martaba Sarkin Minna, ga Etsu Nupe wanda shi kansa birgediya janar ne mai ritaya. Duk waɗanda ake buƙata suna nan kusa da juna, zama ɗaya ne ba a yi ba.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. A ware wata uku na afuwa ga tsofaffin makaman gado, a yi shela a rediyo da Hausa da Nufanci da Gwaranci, a bi ta hannun masu unguwanni da hakimai. Ƙwararre ya zo gida ko fada ya duba, ya cire haɗarin da ke ciki, a rubuta sunan gidan da labarinsu, a ba su rasit. Wadda ke da darajar tarihi a kashe ta yadda ba za ta sake harbi ba, a kai ta gidan tarihi da sunan mai ita a ƙarƙashinta. Sauran a kai wuta. Ostareliya ta yi irin wannan afuwa ta wata uku a 2017, aka miƙa bindigogi sama da 57,000, waɗansu masu tarihi suka tafi gidajen adana kayan tarihi. A nan gida ma, Umuahia ta samu gidan tarihin yaƙi tun 1985. Zungeru, inda kangayen zamanin Lugga suke tsaye har yanzu, ta cancanci ɗaki irin wannan, inda ɗan makaranta daga Bosso ko Chanchaga zai je ya ga Martini da bindigar maƙeran Bida da tauraron Burma a jere, ya karanta wa ya riƙe su da kuma a kan wa aka ɗaga su.

Kafin a kai ga haka, gidan da abin ya faɗo wa kada ya jira. A rufe ɗakin, a hana yara shiga. Babban gida ya sanar da mai unguwa, a nemi lauya idan da hali, su ne za su kira DPO ya aiko a ɗauka. Kada wani ya saɓa ta a kafaɗa ko ya sa ta a but ɗin mota ya nufi shingen bincike. A ɗan tsakanin nan, ɗaya daga cikin 'yan bokon gidan ya zauna da takarda a gaban mai unguwa, ya kwafe kowane harafi da lamba da wurin da yake, ya auna tsawonta, ya ɗauki hoton tamburan. Sannan ya je wurin mafi tsufa a gidan, wadda yawanci mace ce, ya durƙusa ya ce, “Inna, a ina aka ce ya samo ta? Wa ya gani da idonsa? Da ya dawo daga soja, an haifi wa, ba a haifi wa ba?” A rubuta amsar yadda ta faɗa, ko da ta saɓa da shekarar da ke jikin ƙarfe, a sa biyun a takarda ɗaya. Ranar miƙawa a nemi rasit mai ɗauke da lambar bindigar da sunan jami'in da ya karɓa, a kuma rubuta wa gidan tarihi wasiƙa cewa ga abin da aka miƙa, ga inda yake ajiye. A ba kowane ɗaki kwafinsa, har da 'ya'ya mata da suka yi aure a wasu garuruwa.